Kwalbar Lakar Teku da Mijina Ya Bari

Shekarun baya, lokacin da mijina yana raye, akwai wata kwalba a ɗakinmu na baya wadda duk baƙon da ya leƙa sai ya tambayi abin da ke ciki. Babbar kwalba ce mai faɗin baki, irin wadda masu shago ke zuba alewa. Rabinta baƙar laka ce, sauran ruwa, kuma a binne take har kusan wuya cikin jiƙaƙƙen rairayi kusa da randa. In ka kai hanci kusa, sai ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na sha ɗaukar waya in fara ba ku labarinta, sai in goge. Yau dai na ce bari in kai shi ƙarshe.

Mijina malami ne, ya karanci ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ni kuwa ban wuce birbe ba, jarrabawar ƙaramar sakandare, ɗinki nake yi a gida nan Maraɗi. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan halittun nan daga bakinsa na ji. In da kuskure, nawa ne.

Danginsa 'yan kasuwa ne. Baffansa yana da manyan kamiyo, motocin ɗaukar kaya, da ke zuwa Kwatano, bakin teku, suna ɗauko kaya. Shi kaɗai ya ƙi kasuwa ya bi boko, kuma ba su daina yi masa tsiya a kan haka ba har ya bar duniya. Wata shekara ya roƙi wani tsohon direban baffan nasa ya ɗebo masa laka da ruwa daga wani lungu inda ruwan teku ke shigowa ya kwanta. Ya kwatanta masa wurin, ya ba shi jarka. Ina tsaye ranar da direban ya kawo, yana riƙe da jarkar nesa da jikinsa. "Mushe" yake ce wa mijina, yadda ake kiran malami da Faransanci.

"Mushe, ni da ake aike in ɗauko shinkafa da atamfa, yau ni ne mai dakon taɓo?" in ji shi. "A kan iyaka ɗan duwan mai binciken kaya ya buɗe, ya toshe hanci, ya ce in ɓace mishi da gani. Wallahi gobe duk kayan Alhaji wanga abu zan shafa musu."

Mijina ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya juye lakar a kwalba, ya ce kada kowa ya taɓa ta sai ta kwanta.

Bayan makonni ya kira ni. Ya ajiye madubin wurin aikinsa, mai ƙara girman abu, a bakin taga, ya ɗiga ɗigon ruwan kwalbar a kan gilashi, ya ajiye mayen ƙarfe a gefe. Ya ce in rufe ido ɗaya in duba. Da farko ba abin da na gani sai gashin idona. Na ce masa, "Na ga wasu dogaye baƙaƙe suna kaɗawa." Ya ce, "Madam, waɗannan naki ne, da su kika zo." Sai ya gyara min. Can na ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo sun taru cunkus a bakin ɗigon ruwan, gefe ɗaya, suna motsi kamar tururuwa a kan sukari. Ya juya mayen ƙarfen. Nan take duk suka juya tare, suka yi ɗayan gefen da gudu. Na ja da baya na yi salati.

Na ce, "Ƙwayoyin cuta ne?"

Ya ce ba su da ruwa da jikin mutum, ba sa sa kowa ciwo. Ya ce kowace ɗaya tana tsotsar ƙarfen da ya narke a ruwa, ta ƙera 'yan ƙananan duwatsu a cikinta, ta jera su kamar 'ya'yan tasbaha. Wannan jerin ne ke zama mata allurar da ke nuna hanya, kamar ta masu neman alƙibla. Ya ce ita kanta ƙasa babban mayen ƙarfe ce, shi suke bi. Waɗannan na Kwatano, in ba a sa musu komai a gefe ba, yawancinsu kudu suke nufa, don a can garinsu bin kudu ne ke gangarar da su ƙasa, inda suke so.

Abin da suke nema, in ji shi, wani siririn wuri ne tsakanin ruwa da laka. A sama iska ta yi musu yawa, tana kashe su. A can ƙasa babu ita sam, nan ma ba sa iya zama. Sai a tsakiya, inda 'yar iska kaɗan ke saukowa ta haɗu da abin nan mai wari da ke tasowa daga laka. Da waɗannan biyun suke rayuwa. Ya nuna min wani farin layi a jikin kwalbar, bai fi kaurin zaren ɗinki ba. Ya ce, "Duk garinsu ke nan."

A cikinsu akwai wani iri, manya kaɗan, da ya ce bai ga an bayyana irinsu a littattafan da ya karanta ba, kuma suna jure zafi fiye da yadda ya zata. Burinsa ya raba su da sauran, ya rene su su kaɗai a 'yan ƙananan kwalabe, a san me suke ci da yadda suke ƙaruwa. Shekaru ya yi yana gwadawa. Duk wanda ya cire daga uwar kwalbar sai ya mutu. Ya sake aiken direban, aka kawo wata lakar, babu su a ciki. Da aka koma karo na gaba, direban ya ce an cike lungun da ƙasa an fara gini. Ke nan abin da ya rage na irin nan, iyakar saninmu, yana ɗakinmu na baya. A gida ya ajiye kwalbar don wurin aiki ana rufewa lokacin hutu, ga ɗaukewar kuran, wutar lantarki, da ke kashe injin sanyi, shi kuwa jiƙaƙƙen rairayi ba ruwansa da kuran.

Ya koya min ƙa'idodinta tun ina yi masa dariya. Kada a girgiza ta. Kada rana ta taɓa ta. Murfin a ɗora shi kawai, kada a ɗaure. A jiƙa rairayin safe da yamma. In ruwan ya ja baya daga zaren da ya ɗaura a wuyanta, a ƙara ruwan sama da ya tara a jarka, a hankali ta jikin gilashi, don gishirin kada ya yi yawa. Na ƙarshe kuma, wanda ya fi nanatawa: kada a ba su komai.

Ranar da ya faɗi wannan mahaifiyarsa tana nan, ta zo daga Tsibiri ganin likita. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye in da mutane. "Wancan" take ce masa. Ni take wa magana shi ya ji.

"Ɗiyata, tambayi wancan, wace irin dabba ce ake kiwo ba a ba ta abinci?"

Ya ce, "Faɗa wa Inna su masu ƙaramin ciki ne. Abin da ke cikin lakar ya ishe su. A hankali suke girma. In aka zuba abinci mai daɗi, akwai wasu a ciki masu haɗama, su za su cinye, su yi yawa, su shanye iskar duka, nawa su shaƙe."

Inna ta taɓe baki. "Rowa dai. Duk mai rai yana son gero."

Ya sa ta leƙa madubin. Ta daɗe tana kallo, ta ɗago ta ce da ni, "Ina suka nufa haka gaba ɗaya?" Na ce kudu, in ji shi. Ta ce, "To ai gida za su. An raba su da garinsu." Ya fara bayanin cewa ba gida suke nema ba, ƙasa suke nema, amma ta riga ta tashi ta ɗauki butarta.

A ƙarshen sanyin wata shekara ya hau moto, babur ɗinsa, ya tafi Jiratawa ɗebo laka daga magudanan ruwan lambu, yana son ya gwada na ruwan daɗi da na gishiri. A hanyar dawowa mota ta buge shi. Kafin la'asar aka kawo min jakarsa, 'yan kwalaben ciki sun farfashe, laka ta ɓata komai. Shi kuma ba a shigo da shi da rai ba. Ba zan ce komai a kan wannan ranar ba bayan haka. Allah ya jiƙansa.

Shekarunmu da yawa tare, Allah bai ba mu haihuwa ba. Na faɗi wannan ne don ku fahimci abin da ya biyo baya.

Gida ya cika da mata. Ina zaune a ɗaki da lulluɓi, ana shigowa ana gaisuwa ana fita. Inna tana gefe da tasbaha. Ko hawaye ɗaya ba ta yi ba a gaban mutane, don ba a kukan ɗan fari a fili. In an ce mata sannu da haƙuri, sai ta ce, "Ita za ku yi wa," ta nuna ni. Ran sadakar uku, wata gwaggonsa mai zafin nama, wadda ta kama shara da wanke-wanke tun asuba, ta leƙo tana yamutsa fuska.

"Wai mi ke wari a ɗakin baya? Na ga wata kwalba da ruɓaɓɓen ruwa. Bari in zubar in wanke, a samu na sa zoɓo."

Ta yaya mai takaba za ta tashi a gaban jama'a ta yi gardama a kan taɓo? Sai na ji muryar Inna, da ƙarfin da ban taɓa jin ta da shi ba.

"Ajiye. Kada ki kuskura. Abin wancan ne."

Gwaggo ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya," ta fita.

Bayan kwana biyu wata abokiyar aikinsa ta kira ni daga Faransa. Tare suka yi karatu, tana can tana ƙarasa wani aiki a inda ake da kayan bincike. Ta yi min gaisuwa, sannan ta ce tana jin nauyin tambaya amma dole ta yi: kwalbar tana nan? Na ce tana nan. Ta ce sun riga sun shirya da shi za ta zo ta ɗebi kaɗan ta tafi da shi, a gwada renonsu a can. In sun rayu, za a rubuta aikin da sunansa a gaba. Ta ce, "Ba zan samu zuwa ba sai nan da wata biyu. Ki riƙe min su da rai har in zo. Za ki iya?" Na ce zan yi iyakar ƙoƙarina.

An zo an karɓi madubin, don na wurin aiki ne. Daga nan ba ni da hanyar ganinsu. Abin da nake da shi kawai shi ne farin layin nan da kuma hasken ruwan. In layin yana nan, ruwan kuma garau, sai in ce suna nan.

Da aka watse, Inna ta ce ba za ta koma Tsibiri ba sai na fita takaba. Muka rage mu biyu a gidan, ga bazara ta shigo. Wanda ya san Maraɗi a wannan lokaci ya san abin da nake nufi. Bango yana zafi, tabarma tana zafi, ruwan randa kansa sai ya yi ɗumi. Rairayin da ake jiƙawa safe da yamma ya koma sai an jiƙa shi duk bayan sallah. Ban roƙe ta ba, Inna ta karɓi aikin. Tana idar da sallah sai ta ɗauki moɗa ta nufi ɗakin baya. Ta jiƙa buhu ta rataye a taga. Wata rana na same ta zaune a kan 'yar kujera tana yi wa kwalbar fifita da mahuci. Na ce, "Inna, ai ba sa jin fifita." Ta ce, "Ke kika tambaye su?" Wannan ne karo na farko da na yi murmushi tun rasuwar.

Ni ma ba na ce na fi ta hankali ba. Kullum da safe sai na durƙusa na gaishe su a zuciyata, in karkata kai ina neman layin nan kamar mai duban jinjirin wata. In na gan shi sai in iya shan koko. Mace da girmanta, abincinta ya dogara da zare a cikin taɓo. Amma duk abin da ya bari, riguna ne da littattafai da takalma, ba mai motsi. Wannan kaɗai ne yake numfashi, kuma hannunsa ne ya rene shi.

Inna ba ta taɓa faɗin haka ba. Sai dai ta ce, "Ɗiyata, zo ki duba min, idona ba ya gani, zaren yana nan?" In na ce yana nan, sai ta ce, "Madalla," ta ci gaba da jan tasbaha. Wani lokaci kuma ta ce, "Har yau ba su ci komai ba." In ce, "Haka ya ce a bar su, Inna." Ta ce, "Uhm."

Ran sadakar arba'in dangi suka sake taruwa. Aka jiƙa gero aka daka gumba da sukari, aka dunƙula, aka rarraba wa maƙwabta, aka kai masallaci, aka aika Tsibiri. Inna ce ta tsaya a kan rabon, don ba ta yarda a manta kowa. Har tsohuwar da ke sayar da ƙuli a bakin titi sai da ta sa aka kai mata. Ni ina ɗaki ana ta shigowa.

Da yamma, bayan mutane sun ragu, ta shigo ta zauna kusa da ni, ta miƙe ƙafa. Fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin rasuwar.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Kowa ya samu. Ba wanda aka bari. Har su na ba su rabonsu."

Na ce, "Su wa, Inna?"

"Na wancan mana. Sadakarsa ce, a ce na waje sun ci, na cikin gida da ya fi so suna kallo? Ɗan kaɗan na sa, kamar ƙwallon goruba. Na marmasa musu sosai, tunda bakinsu ƙanana ne."

Na tashi da gudu na nufi ɗakin baya. Na tarar garin gumbar ya bazu, wani yana yawo a sama, mafi yawa ya riga ya nutse ya kwanta a kan lakar, daidai kan layin. Na sa cokali na kwashe na saman. Na ƙasan ba yadda zan yi da shi sai in dama lakar, wanda shi ma an hana. Sukarin kuwa ya riga ya narke. Na kira abokiyar aikin nasa na faɗa mata. Ta ce in ɗebe ruwan saman kwalbar kaɗan in da wani ruwan gishirin da zan mayar. Babu. Ta ce to in bar ta, mu jira, wani lokaci suna ba mutum mamaki.

Da na dawo, Inna ta dube ni. "Lafiya?" Na ce, "Ya ce kada a ba su, Inna." Ta ce, "Yaro ne, bai san yunwa ba. Ki bari ki gani."

Kwana biyu ruwan ya fara dushewa. Kafin mako ya yi fari kamar ruwan tsari, kumfa ta taru a sama, warin ya sauya, ya koma na tsami irin na kunun da ya kwana. Layin ya ɓace. Na duba ta kowane gefe, na haska da waya, babu. Inna kuwa ta kira ni da murna.

"Ɗiyata, zo ki gani! Da ba a ganinsu, yanzu ga su sun cika kwalba har ni ina gani. Ban faɗa miki ba?"

Gaskiyarta, an ƙaru a cikin kwalbar. Sai dai na san su wa suka ƙaru. Na tsaya a bayanta ina kallon ƙeyarta da furfurar da ta leƙo daga ɗankwali. Ta ci gaba da jiƙa rairayi bayan kowace sallah. Ni ma na ci gaba da ƙara ruwan sama zuwa zare. Bayan wani lokaci ruwan ya fara washewa, ya yi duhu-duhu, sai na fara sa rai ko wasu sun tsira a wani lungu.

Abokiyar aikin nasa ta iso ana gab da saukar damina, da ƙaramin madubi a jaka. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta sha ruwa, muka shiga ɗakin baya mu uku. Ta jingina mayen ƙarfen mijina a jikin kwalbar, muka jira. Sannan ta zuƙo ɗigo daga daidai wurin da wani siririn bututu, ta ɗora a gilashi. Ta duba ta daɗe. Ta sake zuƙo wani. Ta sake.

Inna ta gaji da jira. "Malama, matsa in gani. Ni na san su."

Ta rufe ido ɗaya kamar yadda ɗanta ya koya mata. Malamar ta juya mayen ƙarfen a hankali. Sai Inna ta ɗaga murya. "Ga su! Ga ɗaya nan ya juya! Ga wani!"

Na leƙa. Akwai ɗaiɗaiku, can da can. In an juya ƙarfen sai su juya. Amma suna nan inda suke. Ba gudu, ba cunkuso a bakin ɗigo. Na tuna mijina ya taɓa faɗa min wannan, ranar ina ɗinki ina saurarensa da rabin kunne: jerin duwatsun nan ba ya mutuwa tare da mai shi.

Malamar ta ce a hankali, "Inna, ƙarfen cikinsu ne ke juya su. Ko babu rai sukan juya. Mai rai shi ne wanda ya juya kuma ya tafi."

Inna ta sake leƙawa. Ta ce a juya. Aka juya. Ta ce a sake. Aka sake. Sannan ta ɗago ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

"Kamar dai yadda ake juya mamaci a fuskantar da shi gabas," in ji ta. Ta dubi malamar. "Gumbar ce?"

Malamar ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ta ce zafin bana ma ya yi yawa, kuma kwalba in ta daɗe takan gaji da kanta. Inna ta ɗaga mata hannu.

"Ɗiyata, na girme ki. Gumbar ce?"

"Ita ce ta fi ƙarfi, Inna."

Ta gyaɗa kai. "Ya faɗa. A gabana ya faɗa." Sannan ta ce, "Tun yana goye ban taɓa ba shi abu da hannuna a gaban mutane ba. Kakarsa ke ba shi. Na ce wannan karon dai bari in ba da da kaina."

Daga nan ta fashe da kuka. Kukan da ba ta yi ran rasuwa ba, ba ta yi ran uku ba, ba ta yi ran arba'in ba, shi ta yi a ɗakin baya a gaban kwalbar taɓo. Na riƙe ta, malamar ta fita tsakar gida ta bar mu.

Malamar ta ɗebi kaɗan ta tafi da shi duk da haka. Daga baya ta kira ta ce ba abin da ya tashi. Aikin da za a rubuta da sunansa bai yiwu ba.

Na zaci za mu zubar da lakar a bayan gida. Inna ta ce a'a. Ta sa aka kira tsohon direban. Ya zo ya tsuguna a zaure, mu muna daga ciki. Ta ce, "Kai ka ɗauko su, kai za ka mayar. Tun zuwansu kudu suke kallo." Ya ce, "Hajiya, ai wurin an gine shi." Ta ce, "Tekun ma an gine ta?" Ya ce a'a. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya naɗe kwalbar da buhu, ya rungume ta a ƙirji ya fita da ita.

Bayan kwanaki, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Shi ne. Ya ce, "Ga ni a bakin ruwa. Ku saurara." Na sa wayar a tsakaninmu. Ni ban taɓa ganin teku ba, Inna ma haka. Wata ƙara ce mai zuwa ta koma, mai zuwa ta koma, kamar ana sheƙar hatsi a babban masussuka. Ya ce, "Zan juye yanzu." Inna ta matso da bakinta kusa da wayar, ta kira sunan ɗanta. Sau ɗaya, a fili, yadda ake kiran yaro ya shigo gida. Tunda na shigo gidansu ban taɓa jin sunan a bakinta ba, kuma ban sake ji ba.

Yanzu shekaru sun wuce. Ta koma Tsibiri, ƙafa ta yi mata nauyi, nakan hau kabu-kabu in je in gaishe ta. Ba mu taɓa tayar da maganar ba. Wasu da na ba labarin sun tambaye ni ko na ji haushinta. Na ji, ba zan ɓoye ba, na 'yan kwanaki. Har yau in na tuna sunansa bai hau aikin da ya ba shekarunsa ba, abin yana ci min rai, kuma ban sami abin da zai rage wannan ba. Amma na kasa ɗora mata. Mu mutane ne da ba mu san wata hanyar nuna ƙauna ba sai mu miƙa abinci. Ita kuma an hana ta ko wannan tsawon rayuwarsa.

Abin da ya sauya a wurina kaɗan ne. In na je gidan rasuwa yanzu ba na cika mai makoki da magana. Nakan zauna kusa, in yi shiru, in ga abin da take iya ɗauka.

Mayen ƙarfen yana wurina, a kan keken ɗinki. Da shi nake tsince allurai in sun zube. Wani lokaci in na kawo shi kusa, sai in ga allura ta juya a kan tabarma kafin ya taɓa ta. Nakan dakata kaɗan in kalle ta. Sannan in ɗauke ta in ci gaba da ɗinki.